Sandar Jirgi a Ƙofar Ruwa

A Ƙofar Ruwa ba ruwa, sai ƙarfe da tsatsa,
amma nan aka sauke ta ranar Talata:
sandar jirgi mai filafilai, daga Tiga,
ta fi motar da ta ɗauko ta tsawo,
an ɗaura mata jan tsumma a wutsiya.

Alhaji Nakande ya ce, "Sallau,
na sayi jirgin nan ne don in huta da hayaniyar Kwari.
Amma da na kwanta, ruwa ya fara lilo da ni,
sai wani abu ya farka a cikinta:
ƙwas. Ƙwas-ƙwas. Ƙwas.
Kamar baƙon da ya ƙi shigowa, ya kuma ƙi tafiya."

Ni da ban taɓa shiga ko kwalekwale ba,
shekara ashirin da shida ina bin waya a bangon mutane,
na ce ruwa ba ya tsami banza, Alhaji.
Bar ta nan.

Muka kwantar da ita kan duro biyu.
Ilu yarona ya kama can, yana jijjigawa,
ni na manna kunne a jikin sanholo
ina tafiya taku-taku
kamar mai neman inda tsaka ke kuka a soro.
Rana ta gasa ƙarfen, ya ƙone mini kunci.
Masu walda suna dariya:
"Me ta ce maka, likita?"

Na haska tocila ta gindi.
Duhu dogo, siriri, can ƙarshe ɗigon haske
bai fi ƙwayar gero ba.
Na ɗaura noti a zaren kamun kifi,
na ja shi ta waje da mayen ƙarfe,
ya bi, ya tsaya, ya bi,
ya maƙale har sau uku kafin la'asar.

Wayoyi huɗu na samu.
Ja ta fitilar ƙololuwa ce, batir ya shaida.
Baƙa abokiyar tafiyarta.
Mai kauri ta rediyo.
Ta huɗu kuwa, shuɗiya, ta kwashe ni har tsakiya
ta sake ni nan.
Ba ta zuwa ko'ina.
Wani ya yanke ta tun kafin a haifi Ilu,
ya bar ta tana reto,
ba wuta, ba aiki, sai bugun bango.

Na zaro ta. Sauran ukun na haɗa su
kamar tsintsiya, maɗauri ɗaya,
na yanka soson tsohuwar katifa,
kowane kamu biyu na sa musu gammo,
na naɗe da salatif, na mayar a hankali.

Ilu ya jijjiga.
Tsit.
Ya ƙara da ƙarfi har duro ya yi tangaɗi.
Tsit.
Masu walda ma sai da suka kashe inji suka saurara.

Alhaji ya biya bai yi ciniki ba.
Shuɗiyar ya ce in jefar.
Ban jefar ba. Tana aljihuna na iso Ɗorayi.

Da dare, NEPA ta ɗauke, fanka ta tsaya,
na kwanta rigingine, sai na ji tawa:
lambar ƙanena Barau,
wanda muka yi faɗa kan katangar gado,
shekara tara ke nan, yana nan Kurna,
tafiyar Keke Napep biyu.
Ni na yanke. Ban zare ba, ban haɗa ba.
Ƙwas. Ƙwas-ƙwas.

Can a Tiga, wataƙila Alhaji na minshari,
fitila na ci a saman sandarsa.
Ni kuwa na laluba waya a ƙarƙashin filo.
Saura kashi shida na caji.
Na ce ya isa sallama.